Irin Shuka

A gidanmu, can wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, ba a kai dami rumbu sai mahaifina ya gama zaɓen iri. Yakan zauna a bakin tsibin dawa da kaka, yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana auna nauyinta a tafin hannu. Wadda ta cika ta yi ƙwari sai ya ware ta gefe. Waɗannan yakan ɗaure su daban, ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore musu ƙwaro. Sauran kuwa na ci ne, da na sayarwa, da na baiko a majami'a, da na kyauta ga maƙwabta.

Ina ɗan shekara goma aka yi farin 1973. Kafin bazara ta shigo rumbunmu ya yi ƙasa, muka koma kan dusa da tafasa da rama. Wata rana da dare na ji mahaifiyata tana roƙonsa a sauko da ko rabin damin nan na ɗakin girki, don ƙanwata ta kwana biyu tana kukan yunwa. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Da asuba ya ja akuyarmu ta ƙarshe zuwa kasuwa, ya dawo da hatsi a ƙaramin buhu. Bai taɓa irin ba. A lokacin na ɗauke shi mai taurin zuciya. Da ruwa ya sauka, gidaje da dama a garin suka rasa abin da za su zuba a rami, kuma daga damin nan aka ɗiba wa wasunsu, Kirista da Musulmi.

Mahaifina bai yi boko ba. Ya koyi karatu ne yana babba, a ajin yamma na mai bishara, don kawai ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Nasa tsohon juyin nan ne na 1932, wanda Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kuma har ya rasu bai yarda ya sauya shi da sabo ba. Kowace safiya, kafin ya ɗauki fartanya, yakan zauna a ƙofar ɗaki ya bi layi da yatsa yana motsa leɓe. Ba ya daɗewa, amma ban taɓa ganin ya tsallake ba, ko ranar shuka, ko ranar da muka binne yayansa.

Ni kuwa na yi karatu har na zama malamin harshe, kuma nakan yi wa ɗalibai bayanin kalmar bangaskiya. Ginin ta ɗaya ne da na bankwana da banruwa da bantsoro: ban da ke gaba daga bayarwa yake. Wato a bakin Bahaushe, mai bangaskiya mutum ne da ke ba da gaskiya, kuma bayarwa aiki ne da ake maimaitawa, kamar yadda mai lambu ba ya yin banruwa sau ɗaya ya ce ya gama. Na yi shekaru ina faɗin wannan a gaban allo alhali ni kaina na daina aikata shi.

Abin da ya ja ni ba giya ba ce, ba kuma wani abin kunya da za a kai gaban dattawan ikilisiya ba. Ayyukan kirki ne. Ina neman ƙarin girma a wurin aiki, ina rubuta maƙalu, ina biyan kuɗin makarantar 'ya'yana da na 'ya'yan 'yan'uwa. A majami'a kuma ni ne sakataren kwamitin gini, ina cikin kwamitin biki da na sulhu. Duk wanda ya gan ni ranar Lahadi da fayil a hammata zai ce ga ginshiƙi. Addu'ar safe ce ta fara komawa cikin mota, daga nan ta koma sai in an samu sarari. A misalin mai shuka da Yesu ya bayar, akwai irin da ya tsiro lafiya, ƙaya ce ta taso tare da shi ta shaƙe shi, kuma ya fassara ƙayar da ɗawainiyar duniya da ruɗin dukiya. Ban taɓa zaton ɗawainiyar majami'a ma tana iya shiga wannan lissafi ba.

Shekarar da za mu ƙaddamar da gidauniyar ginin, aka aiko mini cewa jikin Baba ya yi tsanani. Na ce zan zo bayan taron. Aka ɗaga taron da mako biyu, ni ma na ɗaga tafiyata. Da na isa na tarar ya rame, idonsa ya daina ganin rubutu. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba.

Ya ce, “Malam, ka iso? Yaya gini?”

Na ce, “Baba, an gode Allah, an tara abin da ya fi zato.”

Ya ce madalla. Sannan ya ce in gaya masa abin da na karanta da safiyar nan, don shi ya kwana biyu ba wanda ya karanta masa. Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Na yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da na buɗe Littafin don kaina, ba don shirya jawabi ba, na kasa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ashe kai ma ka sauko da na ɗakin girki.” Ya nuna mini inda littafinsa yake, na ɗauko na karanta masa Zabura har barci ya ɗauke shi. Kwana tara muka yi haka, a na goma ya cika.

Tun daga nan na fahimci cewa fifiko ba jerin abubuwa ba ne da mutum ke rubutawa a takarda, don da an tambaye ni a shekarun nan da na ce Allah ne farko, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa. Ana gane shi ne daga abin da mutum ya fara warewa tun rumbu na cike, da abin da ya ƙi taɓawa sa'ad da ya yi ƙasa. Ni ragowa nake ba Ubangiji, ragowar lokaci da ragowar hankali, ita kuwa ragowa wata rana ba ta samuwa.

Na ajiye kwamiti biyu cikin uku. Wasu sun ji haushi, wani dattijo har ya tambaye ni ko na yi sanyi ne. Ƙarin girman da nake nema ya zo a makare da shekara biyu, kuma ba zan ce hakan bai yi mini ciwo ba. Har yanzu akwai safiyar da nake karatu zuciyata na kan wani abu daban. Amma ina zama.

Yanzu na haura sittin, na kusa shekarun da Baba ya rasu yana da su. Littafinsa yana wurina, bangon ya rabu, gefen shafukan ya yi baƙi daidai inda yatsansa ke bi. Jikata takan zo ta same ni da shi a ƙofar ɗaki kafin ta tafi makaranta. Kwanan baya ta tambaye ni me ya sa ba na bari sai na karya kumallo tukuna. Na ce ta zauna, in ba ta labarin wata akuya da mahaifina ya kai kasuwa.