Mahayan Yumɓu na Gumbin Kure

Mu huɗu muka tashi daga Aliero a hutun da ya wuce, muka ratsa gonakin albasa zuwa Gumbin Kure domin gaida kakar abokinmu. A bakin wani kududdufi muka tarar da yara sun jera dawakin yumɓu a inuwa, kowane da mahayinsa. Wani yaro ya ce mana in aka kai su rana kai tsaye sai su tsage, saboda haka sai sun sha iska tukuna.

Da muka duba da kyau sai jikinmu ya yi sanyi. Yawancin mahayan bindiga suka rataya, wasu ma a kan babur suke. Muka tambaye su ko sun san Kanta. Ɗaya ne kawai ya taɓa jin sunan.

A Turai akwai manya da yara masu sayen ƙananan sojojin Rum na roba, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, su zauna da siririn burushi suna yi musu fenti. Kafin su shafa launi sai sun bincika yadda doguwar garkuwar sojan take, da gajeren takobinsa, da mashin da yake jifa da shi. Ta haka wasa ke koya musu tarihi.

Mu ma muna da namu. Wajen 1516 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga mulkin Askiya Muhammadu na Songhai, ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame, wanda kufansa ke Jihar Sakkwato a yau. Barden ƙasar Hausa yana sa sulke da kwalkwali, ana lulluɓe dokinsa da lifidi, wato rigar da aka cusa wa auduga don tare kibiya. A gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ana iya ganin masu da takubba da bakuna na da.

Muka tsuguna tare da yaran. Muka daka gawayi, muka jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa, muka zuba ƙaro don launin ya kama. Tsinken tsintsiya ya zama mashi, ɓawon gyaɗa ya zama garkuwa, tsumma kuma lifidi. Dokinmu na farko ƙafarsa ta karye, yaran suka yi ta dariya, sannan suka nuna mana yadda ake sa kara a ciki.

Kafin la'asar an jera mahaya tara, ana gardamar wanne ne Kanta. Kakar ta leƙo ta ce, "Jikokina, ku ba shi farin doki mana."

Ɗalibai, in kun je gida hutu, ku duba abin da ƙannenku ke ginawa da yumɓu. Ku tambayi malamin tarihi kayan yaƙin garinku, ku gina mahayi ɗaya tare da su, ku raɗa masa suna.