Nauyin da Ba Ya Shiga Jaka

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma su ne dai suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk mai son doguwar tafiya a ƙasa, tilas ne wata rana ya tsinci kansa tsakanin waɗannan karin magana biyu. Ni ma na shiga tsakaninsu a watan Disamba na 2023, lokacin da ni da abokaina uku muka ƙudiri aniyar hawa Chappal Waddi.

Wannan dutse, wanda kuma ake kira Gangirwal, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, domin ya kai mita 2,419. Yana jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991. Daga Jalingo mota ke kai mutum Serti ta hanyar Bali, inda ofishin gandun yake. Daga baya sai ƙafa, kwana da kwanaki, tare da masu gadin daji, kuma a yawancin hanyar waya ba ta shiga.

Rashin wayar nan shi ya fi tayar mini da hankali, saboda abu biyu da na bari a gida. Na farko kakata, wadda ta rene ni, mai fama da hawan jini, kuma ni ke tuna mata shan magani safe da yamma. Na biyu karena, Bingo. Abokaina Hausawa sukan yi dariya in na ambace shi, domin a wurinsu kare na gadi ne ko na farauta. Amma wannan kare tun yana ɗan kwikwiyo ni ke ba shi abinci.

Mutum yana da baki, za a yi sallama da shi ya fahimta. Kakata ta riƙe hannuna ta ce, "Je ka, jikana, amma ka faɗa mini ranar dawowarka, zan riƙa ƙirgawa." Dabba fa, ta yaya za ka gaya mata kwana goma sha biyu ne kawai? Sai na danƙa amanarsu duka a hannun ƙanwata. Na rubuta mata lokutan maganin, kuma mako guda kafin in tashi ita ta fara ciyar da Bingo don ya saba da hannunta.

A kan hanya, gajiya da sanyin dare ba su hana ni barci ba. Tunanin gida ne ya hana. Kullum magariba ta yi, sai in ce a raina yanzu ne lokacin maganin Kaka. Da muka sauko inda waya ke shiga, muryarta na fara nema. Lafiyarta ƙalau, amma Bingo ya yi kwana biyu bai ci komai ba, yana kwance a bakin ƙofa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka tashi irin wannan tafiya, kada shirinka ya tsaya a kan takalmi da guzuri. Ka nemo mai amana, ka faɗi ranar dawowa, sannan ka cika alkawari. Kai ne ka zaɓi wahalar dutse, su kuwa na gida ba su zaɓi jira ba.