Aron Ɗaki Ba Shaida, Ba Wa'adi

Ginin ƙasa yakan jure ruwan farko. Sai marka ta zauna a watan Agusta, ƙasa ta ƙoshi, gindin katanga ya jiƙa ya yi laushi, azara ta gaji da nauyin rufin da ya sha ruwa, sannan cikin dare a ji rugugi. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta ci rayukan mutum sama da 600 a Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, mu a ƙauyukan Makoda kogi bai malalo mana ba kamar yadda ya yi wa mutanen kwarin Haɗejiya. Ruwan sama ne ya yi ta bin ɗakunanmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda nasa ya faɗi ya kwashi iyali ya raɓa wajen ɗan'uwa, wanda ba shi da inda zai raɓa ya shimfiɗa tabarma a ajin firamare, ga shi kuma ana dab da komawa makaranta.

Ƙasarmu a cike take. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Makoda sun haura 220,000, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 440 da ɗoriya. Daga Koguna zuwa Maitsidau, daga Satame zuwa Wailare, gona na jingine da gona, babu dajin da mutum zai sare ya kafa bukka. Duk taƙin da ka taka yana da mai shi. Amma a cikin garuruwan nan masu matsi akwai ɗakuna a garƙame. Masu su suna Kantin Kwari, suna Dawanau, wasu suna Legas, ba a ganinsu sai da salla ko in an yi rasuwa.

Ni malamin firamare ne, kuma a lokacin ni ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu. Ni na kawo shawarar mu nemi masu ɗakunan nan su ba waɗanda ruwa ya kora aro. Na taɓa karanta yadda a 1992 wani likitan halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya fara karɓar hayar gidaje a hannun masu su a birnin New York na Amurka yana saka masu kwanan titi, da yadda ƙasar Finland ta mai da irin wannan tsari manufarta tun 2008. A nan kusa ma, akasarin waɗanda rikicin Boko Haram ya koro zuwa Maiduguri a gidajen jama'a suka zauna. Na ɗauki rabin darasin, wato ɗakuna suna nan, a je a nema. Ɗaya rabin na tsallake shi: ƙungiyoyin da ke irin wannan aiki a waɗancan ƙasashe suna zama da mai gida su yi yarjejeniya a rubuce, su lamunce masa kuɗin haya, su ba shi wanda zai kira in wani abu ya taso.

Wadda na fara da ita wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da ɗaki ɗaya, ɗakin kuma ya zube. Akwai wani gida a bayan masallaci, mai shi ya daɗe da rasuwa, sashe guda mai ɗaki biyu da rufin kwano yana kulle. Ƙaramin ɗansa abokin karatuna ne, yana kasuwanci a Kano. Na buga masa waya. Da na ji ya ɗan ja baya, sai na ce masa, "Haba, ai na kwana biyu ne. Da ruwa ya ɗauke za ta tashi." Ya ce to, mukulli yana wajen makwabci.

Na karɓo mukulli na tafi wajenta. Ta tambaye ni, idonta a ƙasa, "Malam, zuwa yaushe suka ce?" Na dubi yaran, na dubi tukwanen da ta jera a bakin aji, na ce, "Ki zauna hankalinki kwance har Allah Ya hore miki na gini."

Wani dattijo a ƙungiyarmu ya tare ni a ranar ya ce, "Ka kai maganar gaban mai unguwa? Gidan nan fa ba a raba gadonsa ba." Na ce masa aikin lada ne kuma na gaggawa, ba ya bukatar dogon zama. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce ina tsoron in aka tara magada wani zai ce a'a. Ina kuma so a ce ni ne na gama a yini ɗaya abin da wasu ke ta shawara a kai.

Ita ta gaskata ni. Ta yi wa ɗakunan sabon daɓe, ta gyara makewayi, ta ja dangar kara ta ɗaure awakinta. Da hatsi ya yi mata wuya, ta sayar da azarar da aka tono daga kangonta, tunda an ce mata babu gaggawa. Kaka ta wuce. Rani ya shigo, lokacin da ake kwaɓa ƙasa a buga tubali a shanya, lokacin da in an kira gayya samari za su iya tayar da ɗaki cikin 'yan kwanaki. Ban kira gayya ba. A raina na riga na rufe maganarta, na koma neman mukullai ga wasu, kuma duk da irin wannan wayar nake samo su.

Da bazara, hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai babban wan abokina ya dawo daga kudu da niyyar a raba gado ya yi wa ɗansa aure. Ya tarar da hayaƙi na tashi a sashen mahaifinsa, ga awaki, ga shanya. Bai yi mata magana ba. Kai tsaye ya wuce wajen mai unguwa, aka aiko a kira ni.

Na shiga zauren da shirina. Na yi niyyar in yi magana a kan maraya da haƙƙin makwabci, in nuna wa mutumin nan rashin tausayinsa. Bai ba ni wannan damar ba, domin bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya gaida mai unguwa, ya juyo ya ce, "Malam, tambaya biyu gare ni. Da wa ka yi magana? Kuma zuwa yaushe?"

Na ce da ƙaninsa. Ya ce, "Mu bakwai ne, uku mata. Su ka tambaye su?" Aka kira ƙanin a waya, aka buɗe murya kowa na ji, ya ce shi an gaya masa da ruwa ya ɗauke za a tashi. Mai unguwa ya sa aka tambayi matar, tana tsugune daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Malam ya ce in zauna har Allah Ya hore mini."

Babu wanda ya ce na yi ƙarya. Da ma an faɗa, da na sami abin musu. Maganganun nan biyu dai suka zauna a tsakiyar zauren, kuma duk daga bakina suka fito. Kafin wannan lokacin ban taɓa jera su wuri ɗaya ba. Kowace a ranar da na faɗe ta na ji ta kamar alheri: na sauƙaƙa wa wannan ya ce to, na kwantar wa waccan da hankali. A zauren na gane cewa na sayi amincewar mai gida da wa'adin da ban yi niyyar cikawa ba, na kuma ba matar tabbacin da ba ni da ikon bayarwa. Na tuna azarar da ta sayar. Na tuna ranin da ya wuce ba a buga mata tubali ko ɗaya ba. Da tun farko na ce mata wata uku ne, da ta riƙe azararta, da ni ma na tashi tsaye. Kwanciyar hankalin da na ba ta ita ta cinye mata lokacin gini. Gumi ya karyo mini, na kasa ɗaga kai in dubi inda take.

Limaminmu ne ya yi bayanin abin da ke ran babban wan, wanda ni na ɗauka rowa ce. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi akwai hukuncin hauzi: in bare ya riƙe gida ko gona shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana nan yana gani bai ce uffan ba, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Abin da ke kare mai dukiya shi ne a tabbatar cewa aro ne, ko haya, ko jingina. Da me za a tabbatar in babu shaida babu takarda? Mutumin da ke zaune a kudu, ya ga sabon daɓe da danga a gidan ubansa, yana da dalilin jin tsoro. Liman ya ƙara da cewa aron da aka yanka wa lokaci dole ne mai shi ya jira lokacin ya cika. Wato wa'adin da na guje wa faɗa shi ne abin da zai kare ta, ya kuma kare su. Sannan magaji ɗaya ba ya ba da aron rabon 'yan'uwansa.

Babban wan ya yi dattako, ya ba ta wata guda. Ta koma wajen yayanta a wani ƙauye ta wajen Dambatta, inda ɗaki ɗaya aka iya ba ta, manyan yaran biyu aka raba su gidajen dangin ubansu. Ɓarnar ba ta tsaya kanta ba. Labari ya kai Kano kafin mako ya zagayo, cewa 'yan ƙungiya suna saka mutane a gidajen gado. Masu ɗakunan da na karɓo mukullansu suka fara aikowa a mayar musu. Wasu iyalan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka sake ɗaure kaya, damina na kankama.

Na je gida gida na ba da haƙuri, na fara da ita. Ta ce, "Ba komai, Malam, ai alheri ka nufa." Na fi son da ta yi mini faɗa.

Ƙungiyar ba ta watsar da aikin ba, amma ta karɓe shi daga hannun mutum ɗaya. Yanzu kafin a taɓa mukulli sai an san ko gidan na gado ne, an ji ta bakin kowane magaji har da mata, ko da ta waya ce a gaban shaidu. Ana zama a zauren mai unguwa da liman, a rubuta cewa aro ne, daga wata kaza zuwa wata kaza, a karanta a gaban mai gida da mai shiga a zama ɗaya, don kunne biyu su ji magana ɗaya. Ƙungiya ke ɗaukar yaɓe da gyaran indararo, abin da ya sa wasu masu gidan suka ga ribarsu, tunda ɗakin da ba kowa ciki ya fi saurin lalacewa. A takardar kuma ana sa ranar gayyar da za a tayar wa mai shiga nasa ɗakin kafin wa'adi ya cika.

Wasu sun dawo da mukullansu a kan wannan sharaɗi. Wasu har yau in an je musu da maganar sai su tambaya ko da hannuna a ciki, shi ya sa na bar wa dattawa zuwa wajen masu gida, ni na koma ɓangaren tara samari da kwaɓa ƙasa. Kangon matar nan muka fara tayarwa da rani ya zagayo, azarar kuwa daga albashina na saya.