Ɗacin da Na Ɗauka Aibi Ne

Wanda aka miƙa wa kofi aka ce ya ɗanɗana ya faɗi ra'ayinsa, amana aka ɗora masa. Ni na ci wannan amanar, kuma ɗiyar 'yar'uwata ce ta kwana a ciki.

Yarinyar ta karanta kimiyyar abinci, ta dawo gida Sabon Gari da niyyar yin abin sha irin lemon malt na kwalba, amma da dawarmu, ba barasa ko ɗigo. Tunanin nata yana da tushe. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya da na malt suka koma ga dawa. Cikin irin da suka fi dogara da shi akwai gajerar kaura mai lamba SK5912, wadda ta fito daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wurin da aka soma bincike tun 1922. Wato kwalbar da muke saye da tsada, rabin labarinta a bayan gidanmu yake.

Ta jiƙa kaura, ta shimfiɗa ta a buhu mai laima har ta tsiro, domin a lokacin tsirowa ne ƙwayar ke fitar da sinadarin da ke mayar da sitaci ya zama sukari. Dabarar da masu kunun zaƙi ke yi ke nan idan suka zuba tsiron shinkafa. Ta busar, ta gasa wani kaso har ya yi ruwan ƙasa, ta dafa, ta tace, sannan ta ɗan sa ruwan shuwaka.

Ranar wani suna a gidan, ta kawo min a gaban mutane, har da wani mai shagon kayan sanyi da take fatan ya riƙa karɓa. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, ku ɗanɗana ku gaya mana gaskiya." Ban daɗe da shanye kwalbar malt mai sanyi a kan waina da miya mai yaji ba. Na kurɓa sau ɗaya, na yamutsa fuska, na ce, "Wannan ai ya ƙone, ga ɗaci kamar magani." Aka yi dariya. Mai shagon ya ajiye nasa kofin bai ko kai baki ba. Magana zarar bunu ce. Ba ni da damar mayar da ita.

Ba ta ce min uffan ba. Sai da aka kwana biyu ta zo gidana a Samaru da kofuna iri ɗaya, ba alama a jikinsu, da ruwa da busasshen burodi. Ta ce in bari sai hantsi, kafin in ci goro ko in sha shayi. Ta sa na fara shaƙar ƙamshin, sannan in kurɓa in riƙe a baki, in kuskure baki da ruwa kafin in koma kofi na gaba. Abin shan ma ba ta bari ya yi sanyi ƙarara ba, domin tsananin sanyi yana danne ƙamshi.

A nan na ji abin da ban ji ba ranar suna. Abin da na kira ƙuna, ƙamshin gasasshen hatsi ne. Ɗacin kuma ba ya zuwa sai a ƙarshe, bayan zaƙin tsiro ya wuce, ya wanke baki ya hana ginsa. Da gangan ta sa shi. Ta bayyana min cewa Turawa suna amfani da furen wata shuka mai yaɗo da suke kira hop domin wannan aikin, kuma har a wasu lemukan malt marasa barasa ana sa shi. Ba a noman shi a ƙasarmu, shi ya sa masu bincike a Najeriya suka daɗe suna gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa. Ranar suna kuwa, harshena ya riga ya jiƙe da sukarin kwalba, kuma duk ɗacin da ya biyo bayan zaƙi sai ya ninka.

Daga baya na karanta yadda alƙalan giya ke aikinsu a Amurka. Ni ba mashayi ba ne, amma tsarinsu ya kunyata ni. Akwai shirin horar da su da aka kafa a 1985, mai raba maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin ke zama a baki 5, sai ra'ayin gaba ɗaya 10. Ba a nuna musu sunan mai abin. Mafi muhimmanci, kowane abin sha ana auna shi ne da ƙa'idar ajinsa. Giya mai ruwan ƙasa irin ta Amurka an san ta da ɗacin hop fiye da ta Ingila, saboda haka alƙalin da ya rage mata maki domin ɗaci, shi ne bai san aikinsa ba. Ni kuma da ma'aunin kwalbar kanti na auna abin da ba a yi shi domin ya zama ita ba.

Har yau na fi son mai zaƙi, kuma na gaya mata hakan. Amma "ban so ba" daban, "bai yi kyau ba" daban. Na farko haƙƙina ne. Na biyu hukunci ne, yana buƙatar in san abin da mai aikin ya nufa, in shirya harshena, in kuma zaɓi wurin faɗa. Duk ukun na tsallake su, kuma furfurata ta sa mutane suka ɗauki son raina a matsayin sani.

Na nemi afuwarta, na kuma je shagon da ƙafata na janye maganata. Mai shagon ya karɓi kaɗan na gwaji, amma cinikin bikin sallar da ta sa rai ya riga ya wuce ta. Yanzu duk wanda ya kawo min kunun aya, zoɓo ko fura ya ce in duba, tambayata ta farko ita ce, "Me kake so ya zama?" Idan akwai gyara, sai mun keɓe nake faɗa.