Kafin 'Yan Gwangwan Su Ɗora Ta a Sikeli

A garuruwanmu, idan mota ta tsufa, hanya biyu gare ta. Ko a jingine ta bayan gida a kan duwatsu, kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashinta, ko kuma 'yan gwangwan su zo da guduma da kurfi su farfasa ta, su auna, su biya kuɗin kilo. Hanya ta uku, wato a tashe ta ta koma titi da jikinta na asali, ta kusa ɓacewa. Ba makanikai muka rasa ba, domin ko'ina ka shiga za ka sami mai kwance inji ya ɗaura. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauki fallen ƙarfe ya juya shi da hannu har ya zama ƙofa ko fenda. 'Yan uwana ɗalibai, musamman mu na sashen injiniyan kanikanci, wannan magana ta shafe mu, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni ɗan Mairuwa ne, a ƙaramar hukumar Faskari, kan hanyar da ta tashi daga Funtua ta nufi Gusau. Mutanen Funtua da dam suka san mu, saboda ruwan da suke sha. Da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, cikin abin da ya bari har da akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda kowa ke ce wa Fijo. Da ita ya yi shekaru yana ɗaukar masara da auduga zuwa Funtua, yana cin kasuwannin Sheme da Yankara. Lokacin rabon gado ta shekara uku a ajiye. Tsatsa ta cinye ƙasan wurin direba har kana hango ƙasa, ƙofar dama ta loɓa, fendar gaba kuwa ta yi kamar an tauna.

Yayyena suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, kuma suna da hujja. Rashin tsaro ya hana mu noma gonarmu ta nesa, ga kuɗin makarantata ya matso. Ana cikin haka sai Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda ya yi rayuwarsa yana bugun mota a Funtua kafin ya dawo gida, ya ce: "Ku ba ni damina guda. In ba ta tashi ba, ni da kaina zan kirawo masu sikelin." Inna ta goyi bayansa, ta sayar da tumakinta biyu aka biya mani rajista. Sharaɗin Kawu ɗaya ne: duk hutu ni ne yaron shago.

Kafin in kai ku shagon, bari mu san motar. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ta 1975 kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci. A Turai an daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Tsayinta daga ƙasa da juriyarta ga gargada su suka sa ta zama motar gwamnati, motar tasha, motar amarya. Don haka idan ana maganar tsohuwar mota mai tarihi, mu ba sai mun leƙa Ingila ba. Tamu ce ake farfasawa kullum.

Shagon Kawu rumfar kwano ce a ƙofar gida, gindin bishiyar bedi. Babu injin da ke cin lantarki ko ɗaya. Kayan aikin duka suna shiga akwatin ƙarfe guda, kuma na haddace su.

Guduma huɗu ce. Akwai mai faffaɗar fuska ta daidaitawa, wadda yake gogewa har tana ƙyalli, domin duk tabon da ke fuskar guduma sai ya fito a jikin mota. Akwai mai tsinin baki ta ɗago ƙananan ramuka daga ciki. Akwai mai baki kamar gatari ta fitar da layi da kusurwa. Sai ta katako, wadda ke tura ƙarfe ba tare da ta sirantar da shi ba. Bayan guduma sai doli, wato dunƙulen ƙarfe mai santsi da ake riƙewa a bayan wurin da ake bugu. Uwar maƙera ce ta tafi-da-gidanka. Uku gare shi, kowanne da irin lanƙwasarsa, ɗaya ma daga guntun aksal ɗin babbar mota ya yanko shi ya goge. Akwai cokalin bugu da ya ƙera da tsohon sifirin, mai baza ƙarfin duka a wuri mai faɗi, yana kuma shiga lungun da hannu ba ya kaiwa. Sai magagari, almakashin ƙarfe, kurfi, filaya, da tukunyar walda ta kabayit. Na ƙarshe shi ne kututturen icce da ya fafe samansa kamar turmi marar zurfi. A cikinsa ake buga fallen ƙarfe ya yi ciki.

Ranar farko ya sa na shafa loɓawar ƙofar da tafin hannu, idona a rufe. Ya ce: "Ɗana, ido yana ƙarya, hannu ba ya yi. Mi ka ji?" Na ce rami ne a tsakiya, da tudu kewaye da shi. Ya ce to ramin nan lafiyarsa lau, tudun ne ya riƙe shi. Ya bi gefen yana ɗan ƙwanƙwasawa a hankali, yana tura doli daga ciki, bai taɓa tsakiyar ba. Can sai muka ji "ɓas", rabin ramin ya taso da kansa. Dokarsa ita ce: inda ɓarna ta ƙare nan gyara yake farawa, inda aka fara dukan mota kuwa shi ake taɓawa a ƙarshe.

Nan take na tuna zanen da malaminmu na ilimin ƙarafa ya yi mana a allo. Akwai lanƙwasar da ƙarfe ke yi ya koma yadda yake da zarar an sake shi, akwai kuma wadda ta wuce iyaka ta zauna daram. Yawancin loɓawar mota irin ta farko ce, 'yan layukan da suka zauna ne ke hana ta komawa. Mun rubuta wannan a jarrabawa, mun ci maki. Kawu bai taɓa ganin zanen ba, amma shekara da shekaru da shi yake cin abinci. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya ya ce: "Ashe ku ma kun sani. To mi ya hana ku yi?"

Duk sana'ar, in ka tattara ta, abu biyu ce: baza ƙarfe da tsuke shi. Kaurin jikin irin waɗannan motoci bai wuce milimita ɗaya ba. Idan ka sa doli daidai ƙarƙashin inda guduma ke sauka, za ka ji ƙara mai kaifi, ƙarfen yana matsewa tsakaninsu, yana sirancewa, yana bazuwa. Idan ka matsar da doli gefe kaɗan, ƙarar takan dushe, sai tudu ya sauka, rami ya taso, kauri bai canja ba. Da kunne ake gane bambancin. Wanda ya cika bugu a kan doli zai wayi gari wurin ya yi masa yawa, yana shiga yana fita kamar gindin gwangwani. Maganinsa wuta. Kawu yakan gasa wuri ɗan ƙarami kamar girman kwabo har ya yi ja, ya tattaro shi da guduma daga gefe zuwa tsakiya, ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Da ya huce sai ya tsuke. Haka nan ƙarfen da ya sha duka yakan taurare har ya nemi tsagewa, sai an gasa shi an bar shi ya huce a hankali kafin ya yi laushi. Maƙeran da ke yi mana fartanya da garma sun san wannan tun kafin mota ta zo ƙasar Hausa.

Fendar gaba ce ta nuna mani abin da ke kashe sana'ar. Kawu ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ya bi jikinta da shi. A wasu wurare ya kama, a wasu ya faɗo. Da muka kankare sai ga fila, wannan ƙullun da ake shafawa kafin fenti, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Wani gareji da aka taɓa kai motar bayan ƙaramin haɗari bai buga komai ba, cike ramin kawai aka yi aka fesa fenti. Fila ba laifi ba ne in an shafa shi siriri, kamar milimita biyu zuwa uku, don rufe 'yan tabo. In ya yi kauri, zafin rana da girgizar hanya sukan tsaga shi, ruwa ya shiga, tsatsa ta yi ta ci daga ciki mai mota bai sani ba. Amma aikin fila yini ɗaya ne, na guduma mako guda, mai mota kuma sauri yake so da araha. Yaran da ke koyo yanzu da yawansu sun fi iya shafi da bugu. Ga shawara kyauta: duk wanda zai sayi tsohuwar mota, ya tafi da mayen ƙarfe a aljihu.

Ƙasan wurin direba kuwa ba ya buguwa, sai dai a sake. Muka yanke duk inda tsatsa ta ci har muka kai ga lafiyayyen ƙarfe. Kawu ya fitar da siffar ramin a kwali, muka sayo tsohuwar ƙofar wata mota a wurin 'yan gwangwan na Funtua saboda kaurin ya zo ɗaya, muka yanka. Ya buga shi a kututture ya yi ciki, ya fitar masa da layukan da ke ƙara masa ƙarfi, sannan ya daidaita a kan doli. Wajen walda bai ja layi ɗaya ba. Ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can, ya dawo, don kada zafi ya taru ya murɗe fallen. Kafin ya kunna wuta sai da muka sauke tankin mai muka kai shi bayan gida, domin tankin da ba mai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya tashi da mutum. Tukunyar kabayit ma, wadda ke ba da iskar gas idan dutsen ya haɗu da ruwa, nesa da wuta yake ajiye ta. Abu ɗaya da sana'ar ta ci masa shi ne ji: kunnensa na hagu ya yi nauyi, shi ya sa ya tilasta mani toshe nawa.

Damina guda ba ta isa ba, sai da aka shiga rani. Yayyena suka yi ta ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba, domin kuɗin gas da fenti da na makanikin da ya tashi injin daga aljihunsu suka fita. Yau motar tana hannun babban yayanmu, tana jigilar hatsi tsakanin Mairuwa da Funtua, kuma daga abin da take kawowa aka biya kuɗin zangon da nake ciki. Kuɗin kilo da tuni an cinye an manta.

A wasu ƙasashe wannan aiki sana'a ce mai daraja. A Kyuba, takunkumin da Amurka ta sa tun farkon shekarun 1960 ya hana shigo da kayan gyara, sai masu bugun mota suka riƙa ƙera sassan jiki da hannu. Motocin shekarun 1950 na nan suna yawo a Habana, 'yan yawon buɗe ido na biyan kuɗi don su hau. A 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ba na cewa Fijo ɗinmu za ta kai haka. Ina cewa ne duk wadda aka farfasa ba za a sake yin irinta a Kakuri ba, kuma motocin yanzu, da siririn ƙarfensu mai tauri wanda ba ya son wuta da bambarsu ta roba, ba za su koya wa kowa wannan aiki ba.

To mu me za mu iya? Na farko, lokacin SIWES, maimakon mu nemi ofis mai fanka inda za a riƙa sa mana hannu a littafi, wasunmu su nemi irin su Kawu. Suna nan a Funtua, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano. Hukumar NBTE ma tana da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, don haka ba ƙasƙanci ba ne.

Na biyu, aikin kammala karatu. Akwai na'urar da Turawa ke kira tayar Ingila: firam ne mai siffar baka, da tayoyin ƙarfe biyu, ta sama mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, ta ƙasa mai ɗan tudu. Ana tura falle gaba da baya a tsakaninsu, ya fito da lanƙwasa mai santsi ba tabon guduma. Ba ta cin lantarki. Da injin gurza ƙarfe da na walda da ke ɗakin aikin makaranta za a iya ƙera ta, haka ma doli da gudumomi masu kyau. Da na nuna wa Kawu bidiyonta a waya, sau uku ya sa na maimaita, sannan ya ce: "In kun yi ta, ku kawo mani in gwada kafin idona ya ida tafiya."

Ni dai na riga na kai wa malamin da ke duba aikina wannan shawara, kuma ina neman mutum biyu da za mu haɗu, ɗaya ya iya zane, ɗaya ya iya walda. Mai sha'awa ya neme ni a ɗakin aikin sashenmu bayan la'asar.