Bengaluru, Birnin Da Burmemiyar Riga Ta Zama Kayan Zuwa Aiki

Duk wadda ta taso da finafinan Indiya tana da hoton ƙasar a ranta: mata cikin sari mai ado, samari cikin riga ɗamammiya da gashi a kwance. Unguwar Koramangala da ke Bengaluru, babban birnin jihar Karnataka a kudancin Indiya, za ta ruguza mata wannan hoton tun kafin azahar. Abin da ya cika titi shi ne samari da 'yan mata cikin tishat burum-burum, ɗinkin kafaɗarta ya gangaro rabin damtse, hannunta ya kai gwiwar hannu, ga wando mai faɗi da aljihu ta ko'ina, ga takalmin kambas, ga jakar kwamfuta a goye. In a Kano kika ga yaro haka, cewa za ki yi rigar yayansa ya ɗauko.

Birnin yana kan tudu, kimanin mita 900 sama da teku, don haka ba shi da zafin Delhi ko gumin Mumbai. Wannan sassaucin yanayi na cikin abin da ya sa riga mai kauri take yiwuwa a nan kusan duk shekara. Nan ne kuma cibiyar aikin kwamfuta ta ƙasar. Hedikwatar Infosys da Wipro a nan take, haka ma Flipkart da Myntra masu sayar da kaya ta intanet. Tun 2014 aka mayar da sunan birnin Bengaluru a hukumance, amma direban adaidaita sahu zai gane ki ko Bangalor kika ce. (Adaidaitar tasu irin tamu ce sak, domin Bajaj da TVS da ke yawo a titunanmu daga can suke.)

Sati uku na yi a garin, kuma mafi yawan safiyata a shagunan shan gahawa na Indiranagar da HSR Layout na yi ta. Za ki shiga ki tarar da tebur goma, kowanne da matashi ya duƙufa kan kwamfuta, kunnensa a toshe. Wani yana rubuta manhaja wa kamfanin da ke Amurka, wata tana zana tallace-tallace, wani yana amsa koken abokan ciniki daga Ingila. Babu wanda ya sa kwat, babu mai ɗamara a wuya. Tun kullen korona na watan Maris 2020 kamfanoni da yawa suka saba da ma'aikacin da ba ya zuwa ofis, kuma duk wanda ya taɓa kwashe awa guda a cunkoson mahaɗar Silk Board ya san dalilin da ya sa matasan ba sa marmarin komawa. Ga wanda zai yini a zaune, kuma kyamara ba ta nuna komai sai daga ƙirji zuwa sama, riga sakakkiya da ba ta buƙatar guga ta fi masa komai. Wasu ma ba su da mazauni guda. Wata biyu a Goa bakin teku, wata biyu a Bir ko Manali cikin duwatsun arewa, ko'ina akwai intanet nan ne ofis. Riga huɗu, wando biyu, jaka ɗaya, sun gama shiri.

Sai dai kada ki ɗauka babbar lamba kawai ake saya. Ɗinkin daban yake: an faɗaɗa jiki da kafaɗa da gangan, amma wuya yana nan daidai da mai shi, tsawon kuma bai wuce ƙugu da yawa ba. Kauri ma ana auna shi, da nauyin mita ɗaya murabba'i na yadin. Tishat ta gama-gari ba ta cika wuce giram 180 ba, waɗannan kuwa sukan kai 220 zuwa 240, shi ya sa suke tsayawa da kansu ba sa manne wa jiki. Kamfanoni irin su Bewakoof da The Souled Store na Mumbai sun cika wayoyin matasa da su, galibi da zane ko rubutu a baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirata da matar da na sauka a gidanta, dattijuwa mai 'ya'ya biyu. Babban ɗanta yana aiki daga ɗakinsa, kuma albashinsa ya haura na mahaifinsa a lokacin da ya yi ritaya. Amma ita damuwarta dangi. A zamaninsu, in ji ta, da safe ake gane ɗan kirki: ya goge riga, ya cusa ta cikin wando, ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita. Yanzu maƙwabta suna ganin ɗanta da ƙarfe sha ɗaya na safe cikin rigar da ta yi kama da ta barci, sai su tambaye ta a hankali ko har yanzu bai samu aiki ba. A ƙasar da iyaye ke bincike sosai kafin su ba da 'ya, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Ba su san yaron sai ƙarfe uku na dare yake kwanciya ba, saboda ranar Amurka daren Indiya ce.

A ganina nan ne uwar take da abin damuwa na gaske, ba a faɗin rigar ba. Faɗi ai mu ma ba baƙonmu ba ne, mu da muka gaji babbar riga da zani mai yalwa. 'Yan mata da dama ma a can sun fi son ta saboda tana rufe surar jiki, tana rage musu kallon maza a bas da jirgin ƙasa. Abin da rigar ke ɓoyewa shi ne yaron da ya rame ba a lura ba, wanda ya kwana uku bai taka waje ba, wanda abincinsa kullum ɗan babur ne ke kawowa a leda. Dattijuwar ta ce ta daina faɗa a kan tufafi, ta koma ƙa'ida ɗaya: abincin dare a tebur tare da kowa, kafin ya shiga aikinsa. Ranar biki kuwa, ko Diwali ko ɗaurin aure, da kansa yake ciro doguwar kurta ya sa.

Kafin in baro ƙasar na shiga jirgin ƙasa zuwa Tiruppur a jihar Tamil Nadu, tafiyar kusan awa shida, domin yawancin irin waɗannan riguna nan ne asalinsu. Gari ne mai zafi da ƙura, ba shi da kyan Bengaluru ko kaɗan. Kowane lungu ƙarar keken ɗinki, kowace mota ɗauke da naɗin yadin auduga. A nan ake saƙa, a rina, a yanka, a ɗinka, a buga zane, kowane mataki a shago daban. Teloli da yawa mata ne, wasu kuma 'yan ci-rani daga Bihar da Odisha, kuma su ba su da zaɓin aiki daga bakin teku. Rini ya taɓa yi wa garin illa: ruwan marina ya gurɓata kogin Noyyal har manoma suka kai ƙara, kuma a 2011 babbar kotun Madras ta ba da umarnin rufe marinu sama da 700 sai sun daina zuba dattin ruwa a kogi. Daga nan aka tilasta musu tace ruwan su sake amfani da shi.

Kusa da tashar jirgin akwai kasuwar Khaderpet, inda ake sayar da rarar kaya da waɗanda aka ƙi karɓa saboda ɗan aibi, a dila-dila. An daɗe ana ganin 'yan kasuwa daga Najeriya a garin suna saro kaya, don haka ba mamaki rigar da ɗanki ya matsa miki sai kin saya masa ta bi ta waɗannan lunguna. Wani mai shago a can ya nuna mini yadda suke gwadawa. Ɗaga rigar sama ki kalli haske ta cikinta; in kina hango yatsunki, yadin ya yi shara-shara. Ja bakin wuyan ki saki, mai kyau zai koma yadda yake nan take. Juya ta ki duba ɗinkin kafaɗa, ko an bi shi da wani siririn ƙyalle don kada ya saki. Sannan ki sa a karanta miki rubutun da ke baya kafin ki biya, domin a cikin dilar da ya buɗe mini akwai guda biyu da ba zan bari su shiga gidana ba.