Jajayen Fitilun Bayan Mota

Kowace mota tana da jajayen fitilu a baya. Da direba ya taka birki sai su kama, wanda ke binsa ya gani ya rage gudu. In sun mutu, ana iya yin karo.

Kawuna yana da tsohuwar mota, Peugeot 404, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960. Fitilun birkinta biyu ne. Ran da za a duba su, ni nake taka birki, shi kuwa ya tsaya a baya.

In ɗaya ce ta mutu, yakan cire ƙwan ya ɗaga a rana. Sau da yawa siririn zaren ciki ne ya tsinke. In duka biyu ne, sai ya duba fis, sa'an nan makunnin birki. Wani lokaci kuwa tsatsa ce ta ci mazaunin ƙwan, ta hana wuta wucewa, sai ya kankare ta.

Kullum yakan ce mini, "Ɗana, fara da mai sauƙi." Ba ya hawa titi sai ya ga duka biyun sun kama.